Yadda ake tantance hoton gidan yari a zamanin ƙirƙirarriyar basira

Ranar 8 ga Disamba, 2024, gwamnatin Bashar al-Assad ta faɗi, aka ɓalle ƙofofin kurkukun Saidnaya da ke arewacin Damaskus. Dubban iyalai suka yi tururuwa zuwa wurin suna neman 'yan'uwansu da suka shekara da shekaru ba labari. A daidai lokacin wani hoto ya karaɗe intanet: mutum ramamme, gashi buzu-buzu, idanu a zazzare, yana leƙowa daga wani rami. Aka ce fursuna ne da aka gano a ɗakunan ɓoye na ƙarƙashin ƙasa. Masu bin diddigin labarai suka gano an yanko shi ne daga wani bidiyon TikTok da ƙirƙirarriyar basira (AI) ta haɗa, wanda ba abin da ya haɗa shi da Siriya. Ma'aikatan ceto na Fararen Hula kuwa, bayan sun bincike gidan lungu-lungu, sun sanar cewa ba su sami wasu ɗakunan ɓoye ba. Kafin sanarwar ta iso, mutane sun riga sun sha haƙa da fasa bango.

Azabar Saidnaya ba ƙage ba ce. Rahoton Amnesty International na 2017 ya ƙiyasta an rataye tsakanin mutum 5,000 zuwa 13,000 a can daga 2011 zuwa 2015. Hoton bogin ya hau kan wannan gaskiyar ne ya yi tafiya, kuma da aka tona asirinsa, masu musun azabar suka sami abin kafa hujja.

Dalilin da ya sa gidan yari ya fi sauƙin ƙage

In aka nuna maka hoton kasuwar Kwari na bogi, kana iya cewa ba haka take ba, don ka taɓa shiga ko ka san wanda ya shiga jiya. Gidan kaso ba haka yake ba. Ana karɓe waya a bakin ƙofa, 'yan jarida ba sa shiga sai da izini da rakiya, wanda ya fito kuma sau da yawa ba ya son a tayar da zancen. Yawancin mutane ba su da hoton gaskiya a kai da za su auna na ƙarya da shi, don haka wanda ya fara isowa shi ke zama.

Na'urar da ke zana hoton ma ba ta taɓa shiga ba. Ta koyi zane ne daga ɗimbin hotunan da ke intanet, kuma a cikinsu kurkukun Amurka da na finafinai sun fi yawa nesa ba kusa ba. Shi ya sa ko an ce ta zana gidan yarin Kano, abin da take fitarwa yakan zo da kaya ruwan lemo, da dogon baranda mai hawa biyu, da gadon ƙarfe ɗaya, da haske yana ratsowa ta sanduna kamar a fim. Mai kallo sai ya ɗauka matsalar gidan yari ita ce kaɗaici a ɗaki mai duhu. A Najeriya abin da ya fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne cunkoso da jiran shari'a: cikin ɗaurarru kimanin dubu 80, wajen kashi biyu bisa uku ba a yanke musu hukunci ba. Shekara huɗu ta jiran a kai fayil kotu ba ta fitowa a hoto, saboda haka ba ta yawo.

Ƙagen yana bin hanyoyi daban-daban. Akwai na sa wa mutum rigar fursuna kafin alƙali ya yi magana. A Maris na 2023, Eliot Higgins, wanda ya kafa ƙungiyar bin diddigi ta Bellingcat, ya yi amfani da manhajar zane ta Midjourney ya zana Donald Trump 'yan sanda na kokawa da shi, har da shi a kurkuku. Ya faɗi ƙarara cewa zane ne, amma da hotunan suka bar shafinsa bayanin bai bi su ba. Hoton kamu na gaskiya bai samu ba sai 24 ga Agusta, 2023, a kurkukun Fulton da ke Atlanta. A Yulin 2025 shi Trump ɗin ya wallafa bidiyon AI da ke nuna an kama Barack Obama an jefa shi a kurkuku. Akwai na mayar da tsarewa abin dariya: a ƙarshen Yunin 2025 ma'aikatar tsaron cikin gida ta Amurka ta wallafa hoton kadoji sanye da hular jami'an shige da fice, tana tallar sansanin tsare baƙin haure da ake ginawa a fadamar Everglades ta Florida. Sai kuma na nuna gidan yari kamar otal, don a ce masu laifi suna jin daɗi da kuɗin jama'a. Kowanne akwai abin da yake so ka yarda da shi game da mutanen da ke ciki.

Mataki na 1: Ka riƙe hannunka, ka rubuta da'awar

Kada ka tura, ko da da niyyar tambayar "gaskiya ne?", don turawa yaɗawa ce. Ka ajiye hoton a waya, ka ɗauki hoton allo da ke nuna sunan shafin da ya sa shi da ranar da lokacin. Sai ka rubuta abin da ake iƙirari a jimla ɗaya mai amsa tambaya huɗu: wane ne, wane gidan yari, yaushe, wa ya ɗauka. Saƙon da ya ce "ga halin da 'yan'uwanmu ke ciki a gidan yari" ba tare da sunan gari ko rana ba, tun daga nan ya fara wari. A WhatsApp, kibiya biyu a saman saƙo na nufin ya bi ta hannuwa aƙalla biyar, wato wanda ya turo maka bai san mafarinsa ba.

Tambayar wa ya ɗauka ita ce mafi nauyi a nan. Hoton cikin ɗakin fursunoni hanyoyinsa ƙalilan ne: kyamarar hukuma, ɗan jaridar da aka ba izini, kyamarar tsaro, ko wayar da aka shigar a ɓoye. Kowacce da kamanninta. Na wayar ɓoye yakan zo a karkace, da duhu, da rawar hannu. In an ce a ɓoye aka ɗauka amma hoton ya fito tas, haske daidai, fuska a tsakiya kamar an je situdiyo, to labarin da hoton sun saɓa.

Mataki na 2: Ka nemo inda ya fara bayyana

Wannan matakin shi ke warware mafi yawan shari'ar, kuma ba ya wuce minti goma. Ka sa hoton a Google Lens, sannan a TinEye, sannan a Yandex. Kada ka tsaya a ɗaya, don rumbunsu ba ɗaya ba ne. A TinEye ka jera sakamakon daga mafi tsufa. Abin da kake nema shi ne kwafi mafi daɗewa, mafi girma, wanda ba a yanke gefensa ba.

In bai fito ba, ka yanke hoton gida-gida ka sake nema: ƙofar kaɗai, fuskar kaɗai, rubutun bango kaɗai. Ka kuma juya shi hagu zuwa dama, don masu ƙage kan yi haka su ɓatar da sawu. In bidiyo ne, ka tsayar da shi a wurare biyar ko shida ka ɗauki hoton allo, ka nemi kowanne. A kwamfuta, manhajar InVID-WeVerify na ciro waɗannan hotunan da kansa.

Da ka isa shafin farko, ka duba sauran kayansa. Shafin da jiya ya sa ƙaton gizo-gizo, shekaranjiya ya sa aljani a rijiya, yau kuma fursuna a rami, mai sana'ar zanen ban tsoro ne. Sau da yawa ma ya rubuta AI a bayanin shafinsa, masu kwafa ne suka yanke.

Kuskuren da aka fi yi a nan: a nema a rasa, sai a ce ai tunda ba a taɓa ganinsa ba sabo ne, na gaskiya ne. Hoton da na'ura ta zana minti talatin da suka wuce shi ma ba shi da tarihi. Rashin sakamako na nufin ka wuce mataki na gaba kawai.

Yawancin hotunan ƙarya da ke biyo bayan fasa gidan yari ma ba na'ura ce ta zana su ba, tsofaffi ne aka sauya musu suna. Ranakun da suka kamata ka riƙe don aunawa: harin Kuje, 5 ga Yuli, 2022, inda sama da 800 suka tsere; faɗuwar katangar Suleja bayan ruwan sama a Afrilun 2024; ɓallewar fursunoni a Koutoukalé ta Nijar a Yulin 2024; ambaliyar Maiduguri a Satumban 2024, inda hukuma ta ce 281 sun tsere. Hoton da aka jingina wa ɗaya daga cikinsu amma ya girme shi a intanet, zance ya ƙare.

Mataki na 3: Ka auna ginin da wurin

Fuska na iya ruɗinka, gini ba ya tashi daga inda yake. Ka buɗe Google Earth ka nemo gidan yarin da aka ambata. Ka ƙirga hasumiyoyin gadi, ka duba siffar katanga, launin rufi, inda ƙofa ke kallo, da abin da ke kewaye. Gidan yarin Kurmawa yana tsakiyar birnin Kano ne kusa da fadar sarki, gidaje sun kewaye shi. In hoto ya nuna shi a fili fetal da duwatsu a baya, ba shi ba ne. A kwamfuta akwai maɓallin da ke nuna hotunan shekarun baya, wanda zai gaya maka ko wani gini yana nan a shekarar da ake magana.

Misalin da ya fi koyarwa shi ne na kurkukun Evin da ke Tehran. Ranar 23 ga Yuni, 2025, Isra'ila ta kai masa hari. Nan take wani gajeren bidiyo baƙi da fari, mai kama da na kyamarar tsaro, ya fito yana nuna ƙofar gidan na tarwatsewa. Ministan harkokin wajen Isra'ila, Gideon Sa'ar, ya yaɗa shi, manyan kafafen labarai suka ɗauka. Masu bincike suka gano farkon bidiyon ya yi daidai da wani tsohon hoton ƙofar da ke intanet tun kafin harin, kuma tsirran da ke ciki ba ganye kamar lokacin sanyi, alhali ana tsakiyar bazara. Kafafe da dama suka janye shi. Harin dai ya faru, hukumomin Iran sun ce sama da mutum 70 sun mutu, har da ma'aikata da fursunoni da masu ziyara. Bidiyon ya nuna fashewa mai tsabta, ƙofa kawai, ba mutum ko ɗaya, kamar an buɗe wa ɗaurarru hanya. Wannan siffar ce ta fara zama a zukatan masu kallo.

Saboda haka ka duba yanayi. Ciyawa kore shar a Sakkwato a watan Maris, ko sama garau a tsakiyar hunturu, ko mutane cikin rigunan sanyi a Afrilu, duk abin tambaya ne. Inuwa ma shaida ce: shafin SunCalc na nuna inda rana take a kowane wuri da kowace sa'a.

Mataki na 4: Ka shiga cikin hoton

Shawarar ƙirga yatsu ta tsufa. Na'urorin yanzu sun iya hannu. Inda har yanzu suke tuntuɓe shi ne abubuwa masu maimaituwa da masu haɗuwa, kuma gidan yari cike yake da su. Ka faɗaɗa hoton ninki uku ko huɗu, ka bi shi daga kusurwa zuwa kusurwa.

Ka bi kowace sanda daga sama har ƙasa: tazarar ɗaya ce, ko wata ta ɓace a bayan kafaɗa ba ta sake fitowa ba? Hannun da ya riƙe sanda ya zagaye ta ne ko ya narke a cikinta? Ƙofar tana da maƙalai da wurin kwaɗo? Na'ura kan zana ƙofar da ba ta yadda za a buɗe ta. Ankwa zobe biyu ce da 'yar gajeriyar sarƙa ko maƙali a tsakani; a zane sarƙar kan tafi ba inda ta ƙare, ko zobe ɗaya ya shige cikin fata. Wayar ƙaya kan yi kitso da kanta. Inuwar sanduna a ƙasa dole adadinta ya yi daidai da sandunan, kuma duk su kwanta ɓangare ɗaya.

A hoton taro, ka bar na gaba ka duba layi na uku da na huɗu, inda fuskoki ke zama kwafin juna ko su dame. Ka ƙirga ƙafafu ka raba da kawuna. Sai kakin gandiroba: ka kwatanta launi da baje da hula da hotunan da ke shafin Hukumar Kula da Gidajen Gyaran Hali. Tun dokar 2019 sunan hukumar ya sauya, don haka tsohon suna a hoton da aka ce na bana ne ya isa ya sa ka ƙara dubawa, ko da yake akwai tsofaffin allunan da ba a sauke ba. Rubutun Larabci da na Hausa sukan fito a hargitse fiye da na Turanci.

A bidiyo, ka rage gudu zuwa kashi ɗaya bisa huɗu. Ka kalli mutanen baya ko suna shigewa cikin juna, da hayaƙi ko yana motsa abin da ke kusa. Yawancin na'urorin bidiyo gajeru suke fitarwa: Veo 3 na Google ya fito a Mayun 2025 da daƙiƙa 8. Dogon bidiyon da ke yankewa duk bayan 'yan daƙiƙu, kuma kayan ɗaki na sauyawa a kowane yanki, ɗinki ne.

Hattara da abu guda: WhatsApp da Facebook na matse hoto, matsewar kuma na dame fuskoki da rubutu ko a hoton gaskiya. Wasu wayoyin ma na gyara hoto da kansu har fata ta yi sumul. Alama ɗaya ba ta isa hukunci ba. Ka nemi uku masu zaman kansu, a kan kwafi mafi girma da ka samu a mataki na 2.

Mataki na 5: Tambarin na'ura

Google na saka wani tambari da ido ba ya gani, SynthID, a abin da na'urorinsa suka zana, kuma kana iya ɗora hoto a manhajar Gemini ka tambaye ta ko da kayan Google aka yi shi. OpenAI da Adobe na liƙa bayanin asali na tsarin C2PA, wanda ake dubawa a shafin Content Credentials. In an sami tambari, hujja ce mai ƙarfi. In ba a samu ba, ba a ce komai ba: ba kowace na'ura ce ke saka SynthID ba, bayanin C2PA kuma hoton allo ɗaya ya isa ya goge shi. In kana da hanyar kaiwa ga wanda ya ce shi ya ɗauka, ka ce ya turo fayil ɗin a matsayin takarda a WhatsApp, don ta haka bayanan kyamara da rana ba sa gogewa. Mai gaskiya yakan kuma sami hotuna biyu ko uku na kafin da bayan wannan.

Shafukan da ke ba da maki, irin su Hive, a yi amfani da su a ƙarshe, a gwada aƙalla biyu. Suna kuskure ta kowane ɓangare, musamman a hoto mai duhu da aka matse, wato irin hoton gidan yari. Tambayar manhajar hira "wannan gaskiya ne?" kuwa ba bincike ba ne, za ta amsa da ƙarfin gwiwa ko ta sani ko ba ta sani ba.

Mataki na 6: Ka tambayi masu shiga

Gidan yari a rufe yake amma ba kango ba ne. Lauyoyi na shiga, da ma'aikatan Hukumar Ba da Tallafin Shari'a, da na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da limamai da fastoci, da iyalai ranar ziyara, da babban jojin jiha in ya je rage cunkoso. Wanda ya taɓa zama a ciki zai gaya maka cikin daƙiƙa ko haka ɗakin yake, ko haka ake raba gabza. Kowace jiha tana da kakakin hukumar. Ɗan jarida na iya rubuta takardar neman bayani ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa. Musun hukuma shi kaɗai ba ya wanke ta, don tana da abin karewa. Ka haɗa shi da bakin wani da ba ya cin albashinta. Ka kuma duba ko masu bin diddigin labarai irin su Dubawa, Alkalanci, Africa Check ko AFP sun riga sun bi sawun hoton.

Mataki na 7: Hukunci biyu, ba ɗaya ba

Ka raba tambayar gida biyu: hoton na gaskiya ne, sannan abin da aka ce ya faru ya faru? Evin ya nuna bidiyon bogi kan hari na gaske. Akasin haka ma na faruwa. Hotunan CECOT, katafaren kurkukun da Shugaba Nayib Bukele ya buɗe a El Salvador a farkon 2023 mai ɗaukar mutum 40,000, na gaske ne: ɗaruruwan maza an aske su ƙwal, daga su sai gajeren wando fari, an jera su kai a sunkuye. Amma gwamnati ce ke tsara abin da kyamara za ta gani, kuma hoton ba ya faɗin wa aka yi wa shari'a, wa ba a yi wa ba. Akwai kuma hoton gaske da aka yi wa ƙari: a Afrilun 2025 Trump ya ɗaga hoton hannun Kilmar Abrego Garcia, wanda aka kai CECOT, da haruffan M, S, 1, 3 a kan yatsunsa, wato MS-13, sunan wata ƙungiyar 'yan daba. Zanen jikin nasa ne, haruffan kuwa da kwamfuta aka ɗora su.

Zanen da aka bayyana cewa zane ne hukuncinsa daban. A 2016 Amnesty da ƙungiyar bincike ta Forensic Architecture sun sake gina Saidnaya a kwamfuta daga bayanan waɗanda suka tsira, suka kuma faɗi yadda suka yi. Duk da haka hanyar tana da santsi: a 2023 Amnesty ɗin ta janye hotunan AI da ta yi kan zanga-zangar Kolombiya bayan suka, ko da ta sa musu alama. Dalilin sukar a fili yake. Dubban hotunan gawarwakin fursunoni da wani mai ɗaukar hoton sojan Siriya, wanda aka sani da Caesar, ya fitar a 2013 sun zama hujja a kotun Koblenz ta Jamus ne saboda an iya tabbatar da asalinsu. Duk ƙungiyar da ta saba cakuɗa zane da shaida tana ba lauyan wanda ake tuhuma abin faɗa.

In hoton na ɗan'uwanka ne kuma ana neman kuɗi

Hoto ɗaya daga Facebook ya isa a zana mutum a bayan sanduna, murya kuma ana kwaikwayonta daga ɗan gajeren saƙo. Kada ka tura ko sisi a kan hoto. Ka kira lambarsa da ka sani, da na abokan zamansa. Ka nemi a haɗa ku kai tsaye, ka yi masa tambayar da ba ta intanet, kamar sunan da kakarsa ke kiransa da shi. Ka nemi sunan ofishin da ke tsare da shi, da kotun, da lambar ƙara, ka tura lauya ko wani babba ya je da ƙafarsa. Kuɗin beli ba a biyansa ta asusun wani mutum. In a ƙasar waje ne, ofishin jakadanci ake fara tuntuɓa. Kada kuma ka yi watsi da saƙon don hoton ya yi kama da zane: a Libiya masu tsare baƙin haure na tura wa iyalai bidiyon azaba na gaske.

In za ka gyara wa mutane

Ka mayar da gyaran cikin zauren da hoton ya fito, ba wani wuri ba. Ka rubuta BOGI da manyan haruffa a tsakiyar hoton kafin ka sake sa shi, don in a gefe ne za a yanke. Ka fara da abin da ya tabbata, sannan ƙaryar, sannan hujja ɗaya da kowa zai iya dubawa da wayarsa, kamar ranar da hoton ya fara fitowa. In fuskar wani ce da ba a yanke wa hukunci ba, ka rufe ta. In dattijo ne ya turo, ka same shi shi kaɗai ka ce, "Baba, hoton nan an duba, na'ura ce ta zana shi, ga inda ya fito," ka bar shi ya janye da kansa. Mai kula da zaure kuma ya goge na asalin, ya bar gyaran a maƙale a sama na kwana biyu ko uku.